Tsohuwar akori-kura mai duƙawa: yadda ake daidaita tsayinta da abin da ya sa batun ya shafi jama'ar masarautar Daura

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin hanyar Daura zuwa Mai'aduwa ranar Lahadi, ranar da kasuwar garin ke ci, ya san wannan siffa: tsohuwar akori-kura ta taho, gabanta ya ɗaga sama, bayanta ya zauna har madigadi na neman taɓa taya, buhuna a ƙasa, mutane a kan buhuna. Wata kuma ta karkata gefe guda kamar jakin da mangalarsa ta rinjaya. Ido ya saba da ganin haka, har an daina ɗaukarsa a matsayin lalura. Amma tsayin da mota ke tsayawa a kan ƙafafunta ma'auni ne da injiniyoyi suka gina birki da sitiyari da hasken fitila a kansa. Idan ya sauya, duk waɗannan sun sauya tare da shi.

Wannan maƙala ta tattaro abin da ya kamata direba da mai mota da fasinja su sani: mene ne tsayin mota, me ke rage shi, yaya ake auna shi, wane gyara ne ke da amfani, wane ne ke ɓoye cuta kawai, kuma wa doka ta ɗora wa alhakin dubawa.

Abin da ake nufi da tsayin mota

Tsayin da ake magana a kai shi ne tazarar da ke tsakanin jikin mota da aksil ɗin da tayoyi ke ɗaure a kai, sa'ad da motar ke tsaye a wuri mai shimfiɗa. Sifirin ne ke riƙe da wannan tazara. A yawancin tsofaffin akori-kura, sifirin ɗin baya falle-falle ne na ƙarfe da aka jera wani kan wani, aka lanƙwasa su kamar baka, aka ɗaure tsakiyarsu da kusa guda da makanikai ke kira santabol, sannan aka manne su da aksil da wasu lanƙwasassun kusoshi da ake kira yubol. Babban falle na sama yana da ido biyu. Na gaba a kafe yake da casis, wato ƙashin bayan mota, na baya kuma yana rataye a shakul, 'yar maratayar da ke lilo domin sifirin ya samu damar miƙewa idan nauyi ya hau.

A gaba kuwa tsarin ya bambanta. Peugeot 404 da 504 suna da sifirin mai naɗi wanda ya kewaye shakazoba. Tsofaffin Toyota Hilux da yawa suna amfani da sandar ƙarfe doguwa wadda ke murɗewa idan taya ta hau tudu, kuma tana da kusar da ake juyawa a ɗaga gaban ko a sauke shi.

Akwai kuskure biyu da suka yaɗu. Na farko shi ne zaton cewa shakazoba ce ke ɗaga mota. Shakazoba ta yau da kullum aikinta kashe tsalle ne, kuma sabuwa ba ta miƙar da motar da sifirin ɗinta ya gaji. Na biyu shi ne zaton cewa lafiyayyar akori-kura ita ce wadda gabanta da bayanta suka yi daidai wa daida babu kaya. Masana'anta da gangan take ƙera ta bayanta ya ɗara gabanta tsayi, domin idan aka ɗora mata iyakar kayan da aka ƙayyade ta sauko ta daidaita. Saboda haka akori-kurar da ta yi daidai tun ba a ɗora mata komai ba, ta riga ta cinye rarar da aka tanadar mata.

Yadda ta zama jakin masarauta

Kamfanin Peugeot na Faransa ya fitar da 404 a 1960, ya biyo da samfurin akori-kurarta a 1967. Ya fitar da 504 a 1968, ita kuma akori-kurarta ta fito a ƙarshen shekarun 1970. A Najeriya, masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna ta fara haɗa motocin Peugeot a 1975, kamfanin SCOA ma ya daɗe yana haɗa akori-kura a Legas. An ci gaba da haɗa 504 a ƙasar har tsakiyar shekarun 2000, shekaru masu yawa bayan an daina ƙera ta a Turai. Ke nan mafi ƙuruciya a cikin waɗanda ke yawo a yau ta kai kimanin shekara 20, wasu kuwa sun girmi jihar Katsina kanta, wadda aka ƙirƙiro a 1987.

Abin da ya sa Fijo, kamar yadda ake kiranta a tasha, ta yi wannan ƙarko a bayyane yake. Injinta ba shi da sarƙaƙiya, kowane gareji ya san ta, kayan gyaranta kuma ana samunsu, sabo ko na Beljiyam, daga Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna. Daga baya Hilux da sauran motocin Japan suka shigo suka raba kasuwa da ita.

Masarautar Daura ta ƙunshi ƙananan hukumomi biyar: Daura da Baure da Mai'aduwa da Sandamu da Zango. Yanki ne na noma da kiwo da fatauci, mai doguwar iyaka da Jamhuriyar Nijar. Ta Kwangwalam ake nufar Matamaye da Damagaram, ta Babban Mutum ake nufar Magarya. Manyan titunan kwalta sun haɗa Daura da Katsina ta Mashi, da Kano ta Kazaure. Amma gero da dawa da wake da riɗi da gyaɗa ba a bakin kwalta ake noma su ba. Daga gona zuwa kasuwa, hanya ce ta burji ko ta yashi, inda babbar mota ba ta shiga, ƙaramar mota kuma cikinta ke kartar ƙasa. Wannan gurbi akori-kura ta cike, tana ɗaukar hatsi da taki da siminti da awaki da 'yan biki, wani lokaci da mai naƙuda.

Masu saukar da ita da gangan

A Amurka akwai masu sayen tsofaffin akori-kura irin su Chevrolet C10 da Ford F-100 su sauke su kusa da ƙasa don ado. Suna sauya sifirin, ko su mayar da aksil daga ƙarƙashin sifirin zuwa samansa, har su yanke wani ɓangare na casis su ƙarfafa shi domin aksil ya samu wurin motsi. Matsalar da suka fi kokawa da ita ita ce a gama aiki a tarar gefe guda ya fi ɗaya tsayi, ko gaba da baya sun ƙi daidaita.

Abin lura shi ne yadda hukumomin can suka ɗauki tsayin mota a matsayin batun doka. Jihar Kalifoniya ta haramta sauke mota fiye da kima tun a ƙarshen shekarun 1950, ba ta janye haramcin ba sai a farkon 2024. Jihar Karolina ta Arewa kuma, daga Disamban 2021, ta hana tuƙa motar da aka ɗaga gabanta ya fi bayanta da inci 4 ko fiye, wato kimanin santimita 10, saboda direba ba ya ganin abin da ke gabansa sosai, fitilunsa kuma suna kashe wa masu tahowa ido. Jihar Bajiniya ta bi sahu a 2022.

Siffar da suka haramta ita ce siffar akori-kurar da aka labta wa kaya a hanyar Zango ko Baure. Bambancin kawai shi ne a can sha'awa ce ta jawo, a nan kuwa nauyi da tsufa da matsin tattalin arziki.

Abin da ke sa ta duƙa

Ruwa ba ya tsami banza. Dalilin farko shi ne gajiyar ƙarfe. Akori-kurar 504 an ƙera ta ne ta ɗauki kimanin tan ɗaya. Buhun hatsi mai kilo 100 guda goma ya cika wannan adadi, tun ba a lissafa yaron mota da fasinja ba. Idan aka ɗora buhu 20, an ninka. Idan mutum 15 masu kilo 60 suka hau, nauyinsu kaɗai kilo 900 ne. Sifirin yana komawa yadda yake muddin ba a matsa shi ya wuce iyakarsa ba. Da zarar an wuce, wani ɓangare na lanƙwasarsa ya tafi ke nan, kuma kowace ranar kasuwa tana ƙara cin wani abu.

Na biyu shi ne karyewar falle. Sau da yawa tsagewar tana farawa ne kusa da ramin santabol ko a ƙarƙashin yubol, inda laka da tsatsa suka rufe, mai mota bai sani ba sai ya ga gefe guda ya sauka.

Na uku shi ne cinyewar bushin, robar da ke cikin idon sifirin da shakul. Ƙurar rani da yashi suna niƙe ta, ƙarfe ya koma gogar ƙarfe.

Na huɗu ba ya cikin sifirin ko kaɗan. Taya mai ƙarancin iska, ko tayoyi masu girma daban-daban a aksil guda, suna karkatar da mota. Haka ma casis da ya lanƙwashe a wani tsohon haɗari, ko bodin da mai walda ya ɗora a karkace.

Ita kanta hanya tana da nata rabon. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, don haka tayoyin dama su ne ke bin gefen titi inda kwalta ta zaizaye, kuma titi yana gangarawa ne zuwa gefe domin ruwa ya wuce. Nauyi yana rinjaya zuwa dama, bugun ramuka ma a can ya fi yawa.

Lissafin haɗarin

Tazarar da ke tsakanin aksil ɗin gaba da na baya a akori-kurar 504 kimanin mita 3 ce. Da wannan adadi kaɗai ana iya fahimtar abubuwa da dama.

A ɗauki fitila. Ana saita ƙaramar fitilar gaba ne haskenta ya riƙa sauka da kimanin santimita ɗaya a kowace mita. Idan baya ya sauka da santimita 10 fiye da gaba, motar ta kalli sama da fiye da santimita 3 a kowace mita. A cire saukar da aka saita, saura fiye da santimita 2. A nisan mita 50, hasken ya tashi sama da fitilar da fiye da mita guda, wato daidai idon mai babur ko direban da ke tahowa. Shi kuma mai akori-kurar, hasken ya bar kwaltar da ke gabansa, inda rami ko saniya ko yaro ke iya kasancewa.

A ɗauki sitiyari. Kayan da aka ɗora a bayan aksil ɗin baya, musamman idan an saki marfin baya an shimfiɗa katako a kai, suna aiki ne kamar mai danna ƙarshen sanda. Kilo 300 da ke mita guda a bayan aksil suna ɗauke kilo 100 daga tayoyin gaba, su ɗora kilo 400 a kan na baya. Tayoyin gaba su ne ke juya mota, su ne kuma ke yin mafi yawan aikin birki. Idan suka yi sakayau, sitiyari ya yi sauƙi a hannu, amma mota ba ta bin inda aka nufa da ita, musamman a kan yashi ko jiƙaƙƙiyar kwalta.

A ɗauki birki. Aikinsa shi ne mayar da ƙarfin gudu ya zama zafi. Idan nauyi ya ninka, zafin ya ninka. Idan gudu ya ninka, zafin ya ninka sau huɗu. Birkin da ya yi zafi fiye da kima yana daina kamawa ko da direba ya taka iyakar ƙarfinsa.

Sai kifewa. Sifirin da ya zauna a kan robar tsayarwa ba shi da sauran wurin motsi, don haka duk bugun da taya ta sha yana wucewa kai tsaye zuwa casis da boris da ita tayar. Idan aka haɗa wannan da kayan da aka tula sama da kan direba, kaucewa rami sau ɗaya da sauri ta isa ta kifar da mota. Waɗanda ke zaune a kan kaya ba su da bel, ba su da rufi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ƙiyasta cewa haɗarin hanya na kashe mutum miliyan 1.19 a shekara, shi ne kuma kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma nahiyar Afirka ce ta fi kowace yawan mace-mace idan aka auna da yawan jama'a.

Yadda ake awo

Gyara yana farawa ne da awo, kuma kayan aikin ba su wuce tef da geji da jak da takarda ba.

A sauke kaya duka, a ajiye motar a daɓen siminti mai shimfiɗa, kamar na gidan mai. A tabbatar tayoyin kowane aksil girmansu ɗaya, iskarsu ɗaya. A danna kowace kusurwa sau biyu ko uku, a tura motar gaba da baya kaɗan domin sifirin ya zauna inda ya saba.

A auna daga tsakiyar wili zuwa bakin madigadi a kusurwa huɗu, a rubuta. Awo daga tsakiyar wili ya fi awo daga ƙasa, domin ya fitar da taya daga lissafi. Sannan a shiga ƙarƙashi a auna tazarar da ke tsakanin aksil da casis a hagu da dama. Idan awon ƙarƙashi ya yi daidai amma na madigadi ya bambanta, laifin na bodi ne, sauya sifirin asarar kuɗi ce. Bambancin da bai wuce santimita guda ba tsakanin hagu da dama abu ne da aka saba gani. Wanda ya kai santimita 2 ko 3 yana buƙatar bincike.

A tuna cewa mota kamar tebur take: idan ƙafar baya ta dama ta gajarta, kusurwar gaba ta hagu ce ke ɗagawa. Domin gane inda cutar take, a sa waigi a tayoyin gaba, a sa jak a daidai tsakiyar aksil ɗin baya, a ɗaga har tayoyin baya su bar ƙasa, a sake auna gaba. Idan gaban ya daidaita, matsalar tana baya. Idan ya ci gaba da karkata, tana gaba. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, sai an kafa mata turakun ƙarfe.

Daga nan a auna tazarar tsakiyar wilin gaba da na baya a ɓangarorin biyu. Idan sun bambanta, mai yiwuwa santabol ya karye aksil ya goce, abin da ke sa a ga mota tana tafiya a karkace kamar ƙaguwa. A ƙarshe a ɗora kayan da bai wuce ƙa'ida ba a maimaita awon. Lafiyayyar akori-kura a wannan hali za ta daidaita, kuma za a ga sauran tazara tsakanin aksil da robar tsayarwa.

Gyaran da ke aiki da wanda ke ɓoye cuta

Mafi inganci shi ne sauya sifirin ɗin baya duka biyu a lokaci guda, tare da sababbin bushin da santabol da yubol. Idan aka sauya gefe ɗaya, sabo da tsoho ba za su yi daidai ba. Yubol yana miƙewa idan aka ɗaure shi, shi ya sa ba a so a maimaita tsoho. Kusoshin idon sifirin da na shakul kuma ba a ƙarasa ɗaure su sai an sauke motar ta tsaya da nauyinta, in ba haka ba robar za ta murɗe ta yage da wuri. Bayan 'yan kwanaki ana aiki, a sake bin yubol da sifana.

Na biyu shi ne sake lanƙwasa tsofaffin falle, aikin da masu gyaran sifirin ke yi da guduma ko da injin matsi. Yana dawo da tsayi, kuma ya fi araha, amma bai mayar da gajiyayyen ƙarfe sabo ba, don haka yakan sake zama. Idan za a yi, a warware fallen duka, a wanke, a duba tsaga, a jefar da mai tsaga, a kuma zana lanƙwasar a ƙasa da alli domin hagu da dama su fito iri ɗaya.

Abubuwa uku ne bai kamata a yarda da su ba. Gasa falle ko sifirin mai naɗi da wutar walda yana kashe taurin da aka ba ƙarfen a masana'anta. Walda a kan karyayyen falle tana barin wuri mai gautsi wanda zai karye ba tare da gargaɗi ba, kuma idan babban falle ne, aksil ya rabu da mazauninsa. Cusa katako ko guntun taya tsakanin aksil da casis yana ɗaga mota a ido, amma ya soke aikin sifirin gaba ɗaya.

Akwai dabarun tsaka-tsaki. Ana iya sa siririn faranti na ƙarfe mai ramin santabol domin cike ɗan bambanci tsakanin hagu da dama. Idan sifirin yana saman aksil, farantin ɗaga mota yake yi. Idan yana ƙarƙashin aksil, sauke ta yake yi, kuma da wannan dabara ce masu ado na Amurka ke sauke tasu. Ba a jera faranti kan faranti. Doguwar shakul ma tana ɗaga baya, da kimanin rabin tsawon da aka ƙara, amma tana sauya kwanar furofela, idan ta yi yawa sai a fara jin kaɗawa kuma mahaɗar furofelar ta riƙa cinyewa.

A gaba, sifirin mai naɗi sauya shi ake yi, biyu tare. Mai sandar murɗa kuwa ana juya kusarsa kaɗan-kaɗan bayan an ɗage nauyi da jak, ana saukewa ana awo. Ɗaga shi fiye da yadda masana'anta ta tsara yana cin boljoyin da gefen taya.

Duk lokacin da tsayi ya sauya, aiki bai ƙare ba sai an yi abu huɗu: a yi alaimen, a sake saita fitila a jikin bango, a duba ko tiyon birki da shakazoba suna da isasshen tsawo idan aksil ya sauka iyakarsa, sannan a motocin da ke da bawul mai rage ƙarfin birkin baya gwargwadon nauyi, a sake saita shi. Wannan bawul da tsayin mota yake gane yawan kaya. Idan aka ƙara wa sifirin tauri ba a taɓa shi ba, zai ɗauka motar ba ta da kaya alhali tana cike, ya rage wa birkin baya ƙarfi a lokacin da aka fi buƙatarsa.

Ƙarin falle

Maganin da ya fi yaɗuwa a garejin Arewa shi ne ƙara falle biyu ko uku, wani lokaci daga sifirin babbar mota. Taurin sifirin yana ƙaruwa da yawan falle, yana kuma ƙaruwa da sauri ƙwarai da kaurinsu: ƙarin kauri na kashi 10 cikin 100 yana ƙara tauri da kusan kashi 33. Motar za ta miƙe, har ta ɗauki tan biyu ba ta nuna ba.

A nan haɗarin yake. Aksil da boris da birki da casis da tayoyi duk suna nan yadda suke. Kowace taya tana ɗauke da lambar iyakar nauyinta a jikinta: lamba 88 na nufin kilo 560, lamba 102 na nufin kilo 850. Tayar ƙaramar mota ta gwanjo da aka ɗaura wa akori-kura ba ta san an ƙara falle ba. Lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ya fara da DOT suna nuna mako da shekarar da aka ƙera ta, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta daɗe tana gargaɗi a kan tayoyin da suka wuce shekara huɗu. Duƙawar mota ita ce alama guda da kowa ke iya gani da ido cewa kaya sun yi yawa. Ƙarin falle yana goge alamar ya bar nauyin.

Wa ke da alhaki

Direba ba don jahilci yake obalodi ba. Lissafi yake yi. Bayan sanarwar cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Faɗuwar darajar naira ta ɗaga farashin taya da sifirin. Yankin iyaka ya sha nasa ƙarin: rufe iyakokin tudu a Agustan 2019, umarnin Hukumar Kwastam na Nuwamban wannan shekarar da ya hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, da sake rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Idan kuɗin mai ya ninka, ciniki ya ragu, kuma ana biyan kuɗi a shingaye, hanyar da ta rage wa direba ita ce ya haɗe sawu biyu ya zama ɗaya.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar FRSC ta 2007 da Ƙa'idojin Zirga-zirga na Ƙasa na 2012 sun haramta ɗaukar kaya ko fasinja fiye da kima, kuma jadawalin hukumar ya sanya tarar naira 10,000 a kan laifin. Jami'an VIO na jiha su ne ke da alhakin duba lafiyar mota kafin a ba ta takardar shaidar cancantar hawa titi. Jihar Katsina tana da tata hukumar kula da zirga-zirga, KASSAROTA. Tambayar da ya dace a yi ita ce, mota nawa ake shiga ƙarƙashinsu a duba kafin a buga wa takardar hatimi, kuma mene ne nauyin tarar naira 10,000 a yau idan aka kwatanta da kuɗin sawu guda.

Ƙananan hukumomi ma suna ciki. Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora musu kula da kasuwanni da tashoshin mota da hanyoyin cikin yankunansu. A tasha da kasuwa ake lodi, a can ake karɓar kuɗin shiga, a can kuma ya fi sauƙi a hana mota tashi da kayan da suka fi ƙarfinta. Bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, mazaunin Sandamu ko Baure yana da hurumin tambayar shugaban ƙaramar hukumarsa nawa aka ware wa hanyoyin karkara, kuma wace hanya aka gyara. Katsina tana cikin jihohin da ke shirin RAAMP na hanyoyin karkara da kasuwannin amfanin gona, wanda Bankin Duniya ke tallafawa, don haka jerin hanyoyin da aka zaɓa da sunayen 'yan kwangila bayanai ne da jama'a ke da 'yancin nema.

Daura ta samu manyan ayyukan sufuri a 'yan shekarun nan. An aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya a garin a Disamban 2019, aka ƙaddamar da aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda ya ratsa Daura, a Fabrairun 2021. Jirgin ƙasa zai iya rage wa manyan tituna nauyi, amma ba zai shiga gona ba, kuma buhun da zai hau shi sai wata akori-kura ta kai shi tasha. Jami'ar da aka kafa domin ilimin sufuri tana da abin nazari a ƙofarta: ma'aunin nauyi a manyan kasuwanni, da gajeren horo ga makanikai da masu gyaran sifirin a kan awo da saitin birki da fitila.

Kafin a kai ga wannan, fasinja yana da abin da zai iya dubawa cikin minti guda a tasha. Ya kalli tazarar madigadi da tayar baya, ya kalli ko sifirin ya miƙe sambal ko ya lanƙwasa ta baya, ya kalli ko motar ta karkata, ya kalli ko kaya sun zarce ƙarshen bodi. Idan ya ga biyu daga cikin waɗannan, jiran mota ta gaba ya fi masa. Mai mota kuma ya auna kusurwa huɗun nan a farkon kaka, kafin lodin hatsi ya kankama, ya rubuta adadin a bangon gareji, ya sake aunawa kafin saukar damina.